Bashin kwalta da harajin rana

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Wani dattijo daga Gadarif, a nan Sudan, ya aiko mana da tambaya. Ɗansa da ke zaune a Amurka ya ba shi labarin cewa majalisar garinsu ta zauna da yamma kan abu biyu, cin bashi domin gyaran tituna da tsara ƙa'idar ɗora farantan sola, kuma aka bar ƙofa a buɗe kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Shi ne Baba yake cewa, mu me ya hana mahalliyyarmu, wato ƙaramar hukumarmu, ta ciwo bashin ta zuba mana kwalta, tunda duk damina sai motar riɗi ta kwana a laka?

Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayar ta yi, sai dai amsar ba za ta yi daɗi duka ba.

A can Amurka gari yakan sayar wa jama'a takardun lamuni, ya karɓi kuɗi a dunƙule, ya yi aikin, sannan ya riƙa biya sannu a hankali cikin shekara 10 ko 20 ko 30, galibi daga harajin gidaje da filaye. A jihohi da dama sai an kaɗa ƙuri'a kafin a ci irin wannan bashin. Mai saye yana sakin kuɗinsa ne saboda littafin kuɗin garin a buɗe yake, ya san nawa ke shiga, ya san nawa ke fita. Duk da haka ba a rasa tuntuɓe. A watan Yulin 2013 birnin Ditroyit ya je kotu ya ce ya tsiyace, da bashin kusan dala biliyan 18 a wuyansa.

To mu dawo gida. Bashi hanji ne, an ce yana cikin kowa, amma namu ya yi tsawo. A ƙarshen 2020 ana bin Sudan kusan dala biliyan 56 a waje. A watan Yunin 2021 aka buɗe mana ƙofar yafe mafi yawansa, juyin mulkin 25 ga Oktoban wannan shekarar ya sa aka maida ƙofar aka rufe, sannan yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Wa zai ba ƙaramar hukuma rance a ƙasar da uwar gwamnati ba ta sauke nata ba? Ko an samu mai bayarwa, da dala zai bayar, mu kuwa da fam muke tara haraji. Wanda ya ga watan Fabrairun 2021, lokacin da farashin gwamnati ya tashi daga fam 55 zuwa wajen 375 a dala ɗaya cikin kwana guda, ya san yadda bashin titi ɗaya ke komawa na titi bakwai mutum yana barci.

Ba cewa nake hanya ta toshe gaba ɗaya ba. Bankunanmu a kan tsarin Musulunci suke, kuma tun 1999 mutane suka san takardun Shahama, waɗanda gwamnati ke sayar wa jama'a domin tara kuɗi. 'Yan'uwanmu na Najeriya sun fitar da sukuk, wato takardun lamuni na tsarin Musulunci, na naira biliyan 100 a 2017, aka rarraba shi kan manyan hanyoyi 25, aka kafa allo a bakin aikin mai nuna cewa kuɗin sukuk ne. Wannan allon shi ne abin da ya fi burge ni. Mai wucewa ya san kuɗin wane ne, ya san wa zai tuhuma. Amma a lura, gwamnatin tarayya ce ta yi, ba ƙaramar hukuma ba. Birnin Dakar ma ya shirya nasa takardun a 2015, gwamnatin Senegal ta taka masa birki ana dab da fara sayarwa.

Akwai kuma abin da duk ɗan Gadarif ya fi injiniyan Amurka sani, wato ƙasarmu. Baƙar lakar nan da ke ba mu dawa da riɗi ita ce dodon kwalta. Da rani ta tsage har ƙafar akuya ta shige, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga duk abin da aka shimfiɗa a kanta. In ba a kwashe ta an cike da tsakuwa ba, in ba a fara haƙa magudanar ruwa ba, kwaltar ba za ta ga damina uku ba. Sai a wayi gari titi ya mutu, bashinsa yana nan da ransa har shekara 15. Jikanka, Baba, zai biya kuɗin titin da bai taɓa takawa ba. Shi ya sa ni a ganina, in kuɗin kaɗan ne, gara a zuba su a magudana da kwalbati da tsakuwa mai kyau, a bar baƙin fentin nan da ake shafawa domin hoton ranar buɗewa.

Sai batun sola, kuma a nan ne gabana yake faɗuwa. Madatsar Marawi, mai ƙarfin megawat 1,250, wadda aka buɗe a 2009 da kuɗin rance, ita ce ƙashin bayan wutar ƙasar nan. Da jirage marasa matuƙa suka kai hari tashar wutarta a farkon 2025, garuruwa da yawa suka kwana cikin duhu. Ba wanda ya jira takardar izini. Mai shago ya sayi faranti biyu domin firjinsa, mai lambu ya maye injin dizal da famfon rana, unguwa ta yi karo-karo ta haɗa wa rijiyar burtsatse. Mutane da kuɗin aljihunsu suka toshe ramin da hukuma ta kasa toshewa.

Tsorona shi ne ranar da mai rasit zai ɗaga kai ya hango rufin kwano yana ƙyalli. Mun san jibaya, wato karɓe-karɓen haraji, mun san yadda buhu ɗaya ke biyan kuɗi a shinge bayan shinge kafin ya isa kasuwa. In aka ce za a yi dokar sola, kuma abin da aka fara rubutawa a cikinta shi ne kuɗin rajista na kowace shekara, to ba doka aka yi ba, rana aka sa wa haraji.

Alhali ƙa'idar ana bukatarta. A garuruwan Amurka irin wanda ɗan Baba yake, abin da sukan tattauna shi ne tazarar da za a bari tsakanin farantai da iyakar maƙwabci, da hanyar da 'yan kwana-kwana za su taka a kan rufi, da wanda zai kwashe kayan in sun tsufa. Namu matsalolin sun fi haka kusa da rai. Wanda ya haɗa solarsa da wayar gida ba tare da makunnin da ke raba ta da layin gwamnati ba, yana iya tura wuta baya ta kashe ma'aikacin da ya hau turke yana zaton layin a mace yake. Batirin ruwa yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji, ga shi ana ajiye shi ƙarƙashin gado a ɗakin da yara ke kwana. Farantin da aka danne da bulo biyu kawai, guguwar habub ta farko za ta ɗauke shi ta jefa gidan maƙwabci. Faranti yakan kai shekara 25, batirin ruwa kuwa shekara biyu ko uku ya gama, sai a fasa shi a bayan gida, dalmar cikinsa ta shiga ƙasar da yara ke wasa.

Duk waɗannan shafi ɗaya ya ishe su. A horar da samarin da ke haɗawa a ba su shaida, a duba aikin sau ɗaya kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a hana shigo da jabun kaya tun daga tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, a ware wurin karɓar mataccen batir.

Saboda haka Baba, in kun je mahalliyya ku da dattawan unguwa, kafin maganar rance ku roƙi a manna a bango abin da aka tara daga kasuwar amfanin gona bara da inda ya tafi. In an manna, ku aiko mana mu karanta a wannan fili. In kuma an ce ku dawo gobe, ku aiko mana da wannan ma.

Wassalamu alaikum.