Likitan Fisiyo, Kai Yaya Naka Jikin?

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan'uwa abokan aiki likitocin fisiyo, masu gashi da motsa gaɓoɓin majinyata, barkanmu da wannan lokaci. Tambayar da muke yi wa majinyata kullum safiya ita zan juyo muku da ita yau: yaya jiki?

Kada a raina tambayar nan. A 1997 wasu masana biyu, Idler da Benyamini, sun tattara bincike 27, suka ga cewa yadda mutum ya kimanta lafiyarsa da bakinsa yana da alaƙa da haɗarin mutuwarsa a shekaru masu zuwa, ko da an yi la'akari da cututtukan da aka riga aka gano masa. Ke nan mai jiki yakan ji abin da awo bai kai ga nunawa ba.

To amma mu namu ma'aunin a karkace yake. Wanda ya wuni yana ɗaga mai shanyewar ɓarin jiki daga gado zuwa keke, da wane baki zai ce bayansa na ciwo? Sai ya dubi majinyacin, ya dubi kansa, ya ce lafiya lau. Ba ƙarya ya yi ba, da wanda ya fi shi shan wuya ya gwada kansa. Alhali wuya ya sage, gindin babban yatsa na zogi saboda yawan danna gaɓoɓi da tausa, ƙugu kuma ya gaji da sunkuyo a kan gadon da bai yi daidai da tsayinsa ba. A Ostareliya, binciken wata masaniya mai suna Cromie na shekarar 2000 ya nuna kashi 91 cikin ɗari na likitocin fisiyo sun taɓa fama da ciwon jiki sanadiyyar aiki, kuma ɗaya cikin shida ya sauya ɓangare ko ya bar sana'ar. Wannan adadin yana damuna ƙwarai.

Kuma me muke yi? Mu ja abokin aiki gefe, ya ɗan gasa mana wurin, mu koma ɗakin gashi. Babu kati, babu rahoto, don haka a takarda duk lafiyarmu ƙalau.

Ga kuma gajiyar da ba ta tsoka ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa, da alamu uku: ƙarewar kuzari, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. Majinyacinmu yakan yi watanni a hannunmu, damuwarsa kuma takan bi mu har gida.

Yanzu kowa ya danna gindin babban yatsansa na hannun da yake aiki da shi. Wanda ya ji zafi ya ɗaga hannun, mu ƙirga.