Sharhi: Ƙwayar Hawan Jini Ba Ta Kwana Uku Ba Ce

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro. Sharhinmu na yau a kan ƙwayar hawan jini ne, wadda likita ya rubuta ya ce a riƙa sha kullum.

Mun saba da maganin zazzaɓin cizon sauro, kwana uku an gama. To haka da yawa daga cikinmu a nan Gombe ke ɗaukar na hawan jini. Mutum ya sha na wata guda, an auna an ce ya sauko ƙasa da 140 bisa 90, sai ya yi hamdala ya jefa sauran cikin kwabar ɗaki. Alhaji, ƙwayar ce ta sauko da shi. Ka daina, zai sake hawa, sau da yawa ba ciwon kai ba jiri, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu. Wasu ma, irin atenolol, barinsu rana ɗaya kwatsam hatsari ne ga zuciya.

Ba duk mai dainawa ne ke yi don sakaci ba, wannan na yarda. Amlodipine kan kumbura ƙafa, har takalmi ya ƙi shiga. Lisinopril kan sa busasshen tari mai hana barci. Hajiya, ki koma wurin wanda ya rubuta miki, akwai wani da zai sauya miki da shi. Amma idan leɓe ko harshe ne ya kumbura, wannan ba ya jiran ranar ganin likita, a nufi asibiti nan take.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne haɗin kemis. Leburan da ya wuni yana dakon buhu a Tudun Hatsi, da yamma ya ce a haɗa masa na ciwon jiki, a ƙulle masa ƙwayoyi a leda, ba suna ba kwali. Galibi akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki. Waɗannan suna ƙara hawan jini, suna rage ƙarfin maganin da ake sha, idan kuma suka haɗu da lisinopril da ƙwayar sa fitsari, ƙoda ce ke shan wahala. Paracetamol ya fi sauƙin illa. Wasu magungunan mura ma suna ɗaga jini. Tun kafin mai kemis ya miƙa hannu kan kanta, ka gaya masa kana shan na hawan jini.

Sai zafinmu na Maris da Afrilu. Mai shan hydrochlorothiazide, ƙwayar hawan jini mai sa fitsari, yana zubar da ruwa ta fitsari, ga gumi kuma. Ya sha ruwa isasshe, ya tashi a hankali daga shimfiɗa ko bayan sallame sallah, kada jiri ya kayar da shi. In gudawa ko amai suka kama shi, ya tuntuɓi likita. Kafin watan azumi ma a je a tsara lokacin sha.

A madafa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi. Da dunƙulen miya da kanwa duk suna cikin lissafin.

Wanda ya manta bai sha ba, kada ya haɗa biyu gobe. Kada kuma a tsakura wa maƙwabciya don ta ce kanta na sarawa.

Ga mata masu ciki ko masu neman haihuwa, lisinopril da losartan suna iya cutar da jariri. Akwai waɗanda ake bayarwa a madadinsu, kamar methyldopa da nifedipine. Da kin ga ɓatan wata, ki ɗebi kwalayen maganinki gaba ɗaya, har da na gargajiya, ki tafi da su awo a asibiti mafi kusa, a duba su ɗaya bayan ɗaya.