Bashin da soja ke bin mu: laccar da aka gabatar a Marwa, arewacin Kamaru

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena malamai, yayyena da ƙannena, iyayenmu mata da ke can baya, sannunku da zuwa.

Zan fara da abin da yawancinmu muka gani da idonmu. Ranar 22 ga Yulin 2015 bam ɗin Boko Haram ya tashi a babbar kasuwar garin nan da kuma unguwar Barmare. Kwana uku bayan haka wani ya sake tashi a unguwar Pont Vert. Kun tuna yadda muka koma? Mutum ya ga yarinya da tallan gyaɗa sai gabansa ya faɗi, tsoron ko bam ta ɗauko. Hanyar Mora zuwa Kusuri kuwa, mota ba ta bi sai da rakiyar soja. Yau ga mu a zaune bayan la'asar, lasifika na tashi, babu mai waige-waige. Wannan zaman da jinin wasu aka saye shi.

Da jinin yaran da suka tsaya a Kolofata a Janairun 2015, da waɗanda suka tsaya a Fotokol a Fabrairun shekarar, sojojinmu da na Cadi kafaɗa da kafaɗa, da waɗanda suka faɗi a Darak a 2019. A Bohoma, cikin tafkin Cadi, ranar 23 ga Maris 2020, sojojin Cadi kusan 100 aka kashe a rana guda. Ku lissafa uwaye nawa ke nan, mata nawa suka shiga takaba, marayu nawa.

Na san abin da wasu ke faɗa a majalisa: "Ai aikinsu ne, ana biyansu albashi." To, ɗan'uwa, nawa za a ba ka ka kwana a rami a gindin duwatsun Mandara, sauro na cinka, ba ka san ta inda harsashi zai fito ba? Wani kuma zai ce an taɓa wulaƙanta shi a shingen hanya. Ni ma an taɓa tsare ni cikin rana sa'a biyu a kan takardar da ke hannuna, kuma har yau ina jin zafin abin. Wanda ya yi zalunci a hukunta shi, ba mu kare shi ba. Amma laifin wancan ba ya goge jinin wannan.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa idanu biyu wuta ba za ta taɓa su ba, ɗayansu idon da ya kwana yana gadi saboda Allah.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan an tuɓe kaki. A unguwarmu akwai wani tsohon soja, nakiya ta cinye masa ƙafar hagu. Yana zama kan benci da kwalaben zuwa-zuwa guda shida, wato fetur na bumburutu, sandarsa a jingine da bango. Ranar 20 ga Mayu, ranar bikin ƙasa, muna tafa wa masu fareti har tafinmu ya yi ja, mu dawo mu wuce shi ko sannu babu. Na taɓa zama wajensa. Bai roƙe ni ko dala ba. Abin da ya ce kawai shi ne, tun da ya dawo babu wanda ya tambaye shi yadda aka yi. Wallahi na rasa inda zan sa fuskata.

Haka matan mamatan. Kwana uku ana ta'aziyya, a naɗe tabarmi, sai ta rage ita da yara da takardun fansho da ba ta iya karantawa, don da Faransanci suke. Samarinmu da suka yi boko, ku raka ta ofis, ku cike mata takardun. Masu shago, in ɗanta ya zo neman koyon sana'a kada a ce ya dawo gobe. Kada kuma mu manta da 'yan banga na ƙauyukan kan iyaka, waɗanda suka tare 'yan ƙunar baƙin wake da kwari da baka, su ko fansho ba su da shi.

Liman ya ba da izini a ajiye littafi a bakin ƙofa. Duk wanda ya san gidan soja da ya rasu ko ya nakasa a unguwarsa, ya rubuta unguwar kafin ya fita. Ranar Juma'a bayan an sauko za mu fara zagayawa, daga Barmare.