Ƙafa a kan dashbod

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na? To madalla. An ce min minti talatin gare ni, ni kuwa in na kama abin magana sai an ƙwace, saboda haka in na zarce wani ya ɗaga min hannu, ba zan ji haushi ba.

Maganar yau ƙarama ce a ido. Fasinja yana zaune a gaba kusa da direba, tafiya ta yi nisa, ƙafa ta yi tsami, sai ya cire takalmi ya miƙe ƙafafu ya ɗora a kan dashbod. Wani har ya jingina tafin ƙafar da gilashin gaba, ya kwantar da kujera, ya ɗauko waya. Wa ya taɓa yi? A ɗaga hannu. (dariya) Ku duba fa, hannu uku kacal a ɗaki cike da mutane. To ni ne na huɗu. Na yi, ba sau ɗaya ba, kafin in san abin da ke kwance a ƙarƙashin dugadugaina. Abubuwa huɗu na rubuto a takardar nan: jakar iska, bel, ƙashi, sai direba. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya in Allah ya yarda.

Kafin nan, kun san asalin kalmar dashbod? Tun zamanin keken doki take. Allo ne ake kafawa a gaban mai tuƙi, ya tare masa taɓon da kofaton doki ke watsowa. Doki ya tafi, inji ya zo, allon ya zauna da sunansa. A wancan zamani in ka ɗora ƙafa a kai, iyakar asararka ka sauko da taɓo a yatsu. Yau abin da ke bayan allon daban ne.

Na farko, jakar iska, wadda makanikai ke ce wa iyabag. Sunan ne ya yaudare mu. Da an ce jakar iska, sai mutum ya hango filo mai laushi yana jiran kansa. A'a. Ku je ku duba gefen fasinja a motarku, za ku ga an rubuta SRS a jikin dashbod. Bayan wannan rubutu akwai jakar yadi a nannaɗe, a gindinta kuma akwai ɗan gwangwanin ƙarfe cike da sinadari mai kamawa kamar albarushi. In mota ta yi karo, na'urorin da ke jikinta su ji irin tsayawar da ta yi, kwamfutar motar ta aika wuta, sinadarin ya kama, ya haifar da iskar nitrojin, iskar ta cika jakar, jakar ta yage murfin dashbod ta fito. Fashewa ce, jama'a. Fashewa ce da aka horar aka sa mata linzami, amma fashewa ce.

Lokaci nawa duk wannan ke ɗauka? Bai kai kashi 1 cikin 20 na sakan ba. Ku ƙifta ido. Malam, ƙifta mana. Yauwa. Wannan ƙiftawar da ka yi ta ci kashi 1 cikin 10 na sakan ko fiye. Wato kafin ka gama rufe ido ka buɗe, jakar ta fito ta cika, ta ma fara sacewa ta kafofin da aka bar mata a baya. Gudun fitowarta yana iya kai kilomita 300 a awa. Kilomita 300! Kuma dole ta yi wannan gudun, domin tsere take yi da fuskarka. Fuskarka ta kama hanyar dashbod, ita kuma tana so ta riga ta isa, ta cika, ta tsaya, ka faɗo kanta a cike. In ka same ta a cike, ta cece ka. In ka tare ta tana hanyar fitowa, ta buge ka. Shi ya sa ake ce wa direba ya bar aƙalla santimita 25 tsakanin ƙirjinsa da sitiyari.

To wanda ya ɗora ƙafa, santimita nawa ya bari? Sifili. Dugadugansa suna kan murfin. Ita kuma jakar fasinja ta fi ta direba girma, ta kusa ninka ta ko ma ta wuce, domin filin da za ta cike ya fi faɗi. A motoci da yawa sama take fitowa, ta daki gilashin gaba, sannan ta juyo wajen mutum. Daidai inda ake ɗora ƙafar ke nan. Jakar ba ta da ido, ba ta san ƙafa ce ba. Za ta kwashi ƙafafun nan biyu ta maido maka da su. Ina gwiwa za ta nufa? Fuska. Jikinka yana tafiya gaba da gudun da motar ke yi, gwiwoyinka suna dawowa baya da ƙarfin fashewa, a haɗu a tsakiya. Hanci, ƙashin kewayen ido, muƙamuƙi, haƙora, goshi. Mutum ya daki kansa da gwiwarsa dukan da ko maƙiyinsa ba zai iya yi masa ba.

Na san abin da wasu ke rayawa yanzu: ai in na hango hatsari sai in sauke ƙafa. Ɗan uwa, da wane lokaci? Mutum mai lafiya, a shirye, yana zuba ido yana jira, sai ya ci kusan rubu'in sakan kafin ya motsa yatsa ɗaya. Kai kuwa kana kishingiɗe, ido a waya, ko ma barci ya fara ɗibarka, ga ƙafa biyu a sama, ɗaya kan ɗaya. Kuma da direba ya taka birki da ƙarfi, gaba jikinka zai ƙara zamewa, ƙafar ta ƙara cusuwa jikin gilashi. Ba ka isa ba. Ni ma ban isa ba.

Wani kuma ya ce ai ba gudu muke yi ba, cikin gari ne. Jakar nan tana iya fashewa a karon da ya yi daidai da dukan bango a gudun kilomita 13 zuwa 23 a awa. Gudun keke ke nan. Irin karon da kowa zai fito ya duba fitilar da ta fashe, a yi 'yar cacar baki a watse. Direba ya fito lafiya, na baya su fito lafiya, mai ƙafa a sama shi kaɗai a ɗauka ranga-ranga. Wannan ne ke ci min rai a lamarin. Abin da aka ƙera don ya ceci mutum, shi ne ya raunata shi, a hatsarin da ba don zaman ba ko ƙwarzane ba zai yi ba.

Don ku san abin ba wasa ba ne, ku tuna da Takata, kamfanin ƙasar Japan mai ƙera jakar iska. Sinadarin da ya zuba a gwangwanayensa yana lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima, sai gwangwanin ya tarwatse ya watso ƙarfe. Aka janye motoci miliyoyi, janyewa mafi girma a tarihin ƙera mota, kamfanin ya durƙushe a 2017. Wannan wata lacca ce daban, kada in kauce. Na kawo shi ne don ku ji irin ƙarfin da ke ɗaure a gwangwanin da bai fi tafin hannu ba.

Ina muka tsaya? Na uku. A'a, na biyu, bel. Bel ɗin nan mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wani injiniyan Volvo ne ya ƙera shi a 1959, Nils Bohlin, ɗan ƙasar Suwidin. Kafin ya zo Volvo aikinsa kujerun da ke cilla matuƙin jirgin yaƙi waje ne, ya san yadda jiki ke yi in an fizge shi. Volvo kuma suka bar kowa ya kwaikwaya kyauta. Dabararsa ɗaya ce: bel ya kama ƙashi, kada ya kama nama. Kowa ya sa hannu a ƙugunsa ta gaba. Kun ji ƙasusuwa biyu da suka ɗan turo, dama da hagu? Nan ne mazaunin bel na ƙasa. In ka ɗaga ƙafa ka zame, kwatangwalonka ya kwanta baya, bel ya tsallake ƙashin ya hau ciki. Karo na zuwa sai ka sulale ta ƙarƙashinsa, shi kuma ya nutse cikin tumbi. Me ke wurin? Hanji, hanta, saifa, bayansu ƙashin baya. Irin wannan rauni mugu ne, domin mutum yana iya tashi yana magana, jini kuwa yana zuba a ciki.

Duk gwajin da ake yi wa mota don a ba ta taurari, wato makin kariyarta a hatsari, da mutum-mutumin da ake ɗaurewa a buga da bango, a zaune yake sosai, baya a jingine, ƙafa a ƙasa. Shi bai taɓa gajiya ya miƙe ƙafa ba. (dariya) A kan wannan zaman aka auna komai.

Ƙashi kuma, ai na riga na shiga cikinsa. Ƙashin cinya ya fi kowane ƙashi tsawo da ƙarfi a jiki, kansa kuma dunƙule ne da ke zaune cikin gurbi a kwatangwalo. In cinya ta naɗo sama zuwa ciki aka bugi ƙafar daga gaba, dunƙulen ya fice ta baya, wani lokaci ya fasa bakin gurbin. A bayan gurbin babbar jijiyar ƙafa ta wuce, in ta taɓu ƙafa tana iya shanyewa. In ba a mayar da ƙashin cikin 'yan awoyi ba, jinin da ke ciyar da kansa yana iya yankewa, ƙashin ya mutu a hankali. In kuwa cinyar ce ta karye, mutum yana iya zubar da jini lita ɗaya ko fiye a cikin naman, alhali duka jinin babban mutum wajen lita 5 ne.

Na ga an ɗaga min hannu. Na ƙarshe, direba, a gurguje: ƙafarka tana tare masa madubin gefe. Kai kuma direba, motar a hannunka take, ka ce a sauke ƙafa ko ka tsaya. Ko matarka ce, ko maigidanka ne. In ƙafa ta yi tsami, a tura kujera baya, ko a tsaya a taka ƙasa minti biyar. Shi ke nan. Akwai tambaya?

(Wani daga baya ya ce motarsa tsohuwa ce, ba ta da jakar iska.)

To Alhaji, ka tsira daga fashewa, ba ka tsira daga bel da gilashi ba. Sulalewar nan tana nan, ƙafa kuma tana iya fasa gilashi ta fita. Kuma ka tabbata babu ɗin? Je ka duba rubutun nan na SRS. Hajiya, bismillah.

(Wata ta ce ita ba ta ɗora ƙafa, amma takan zauna a gaba ta rungume jaririnta a cinya, ta sa bel. Shin da laifi?)

Hajiya, Allah ya saka miki, wannan ta fi duk abin da na rubuto. A ƙara min minti biyu. Mu yi lissafi tare. Mota tana gudun kilomita 50 a awa. Wannan gudun daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin mita 10, kamar saman bene mai hawa uku. Ta daki abu, gabanta ya lotse, ta tsaya cikin rabin mita. A wannan ɗan lokacin duk abin da ke cikinta nauyinsa ya ninka kusan sau 20. Yaronki kilo nawa ne? Goma? To ya zama kilo 200, kuma a fizge, ba a hankali ba. Babu uwar da hannunta zai riƙe wannan, komai son da take masa. Zai suɓuce, kuma inda zai nufa shi ne murfin nan da muka kwashe rabin awa muna magana a kai, daidai lokacin da yake buɗewa. In kuma kika zagaya bel ɗaya ku biyu, nauyinki ne zai matse shi a jikin bel ɗin.

Wurin yaro baya ne, a kujerar yara da aka ɗaure da kyau, jariri kuma yana kallon baya. Irin wannan kujera mai kallon baya kada a taɓa sa ta a gaba matuƙar jakar iska tana kunne, domin bayan kujerar yana dab da murfin, kan jaririn kuma yana jikinsa. Ku sauke abin tare ranan nan na gefen fasinja, a yawancin motoci za ku ga an manna hoton gargaɗin a jiki. Shekara nawa kuna sauke shi kuna duba fuska a madubi ba ku karanta ba? (dariya)

Hajiya, motar taku kujera nawa ce a baya? Uku? To ki same ni bayan an tashi, mu je inda kuka ajiye ta in nuna miki inda ake ɗaurawa. An ce lokaci ya ƙare. Wassalamu alaikum.