Amsoshin Tambayoyinku: Mage da kare a gidajen haya na gwamnati

Mai gabatarwa: Jama'a, barkanmu da warhaka. Wasiƙun yau sun taru ne a kan kiwon dabbobi a rukunin gidajen da hukuma ke bayarwa haya da rahusa, ga kuma likitan dabbobi tare da mu. Wani ya ce ko zai iya kawo kare ba tare da ya sanar da hukumar gidajen ba? Malam, wannan ba sai Likita ba. Duba takardar yarjejeniyar hayarka, ka nemi izini a rubuce. In ka ɓoye shi, haushi zai tona maka asiri.

Sai wadda ta fi yawa. Wata baiwar Allah ta ce maƙwabta sun kai ƙararta saboda zarni da kukan magenta da dare, ga 'ya'ya tana ta zubawa. Likita, bismilla.

Likita: To Hajiya, kukan nan na neman barbara ne. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, kuma takan haihu har sau 3 a shekara. Maganinsa aiki ne a asibitin dabbobi: macen a cire mata mahaifa da ƙwayayen haihuwa, muzuru kuma a yi masa fiɗiya, tun suna wata 4 zuwa 6. Muzurun da ba a fiɗiye ba shi ke fesa fitsari a bango, kuma nasa ya fi kowanne zarni. Af, tunda ana maganar magani, kada a kuskura a ba mage farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Mai gabatarwa: Likita, ka bar mu da zarnin fa.

Likita: Ina zuwa. A tanadi mazubin yashi da za ta riƙa bahaya a ciki: kowace mage ɗaya, sannan a ƙara ɗaya. Mage biyu, mazubi uku ke nan. Yashin ya kai zurfin santimita 5, a ajiye shi nesa da kwanon abincinta. A kwashe kashin kullum, a wanke mazubin duk mako. Kada a goge wurin fitsari da abin wanki mai amoniya, don warinsa kamar na fitsari ne, sai ta koma ta sake yi a nan. Mai juna biyu kuma ta bar wa wani kwashe kashin.

Mai gabatarwa: Hajiya kin ji: fiɗiya, yashi, kwashewa kullum. Na sake faɗa, kullum, ba ranar da baƙi za su zo ba. Ni a ganina maƙwabtan nan sun ma yi haƙuri.

Wani kuma karensa ke haushi in ya tafi aiki.

Likita: Kaɗaici ne. Kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa 4, a fita da shi yawo safe da yamma da igiya a wuya, a kwashe kashinsa a leda.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, kare ya ciji yaro a matattakalar bene. Daƙiƙa talatin, Likita.

Likita: A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne, saboda cutar haukan kare. Mai karen ya kawo katin rigakafi. Ana fara allurar ne tun kwikwiyo yana wata 3.

Mai gabatarwa: Lokaci ya cimmana. Masu tambaya a kan ƙuma da kaska, ku tara mako mai zuwa.