Me Ya Sa Kwaɓinki Ya Ƙi Tashi a Hunturun Damagaram?

Sannunku da aiki, 'yan uwa mata. Tun da aka shiga watan Disamba saƙonni suke ta shigo mini a WhatsApp, daga Zango, daga Birni, har da wata baiwar Allah daga Mirriya, duk kuka ɗaya: an kwaɓa burodin Kirsimeti, ya kwanta a roba kamar dutse. Wata ta ce yis ɗin Kasuwar Dole ne ya lalace. Wata ta ce hannunta ne ba ya yi. Gwaggo, hannunki lafiya lau yake. Ku biyo ni madafa.

Ga kayan nan kuna gani: fulawa kilo 1, yis babban cokali 1, sukari cokali 4, gishiri ƙaramin cokali 2, mai kaɗan, sai ruwa da ya ɗan haura rabin lita. Tankaɗe dai kowa ta iya, mu wuce.

To, nan ne zan tsaya. Ku dubi butar nan, yanzu ta sauka daga wuta. Saboda sanyin safiya, sai mace ta ce bari in zuba ruwan zafi don kwaɓin ya yi saurin tashi. Da ta zuba, ta gama da shi. Yis ɗin nan da kuke gani kamar garin yashi, halitta ce mai rai, barci kawai take yi a cikin leda. In ta samu ɗumi da sukari sai ta farka ta ci, tana fitar da iska, iskar ce take kumbura kwaɓi. Ruwan da ya kai digiri 60 yana kashe ta, wanda ya tafasa kuwa digiri 100 ne. Abin da take so bai wuce 35 zuwa 40 ba. Ba kowa ke da ma'aunin zafi a gida ba, amma kowace uwa ta san ruwan wankan jariri. Ɗiga shi a bayan hannunki. In za ki iya yi wa jinjiri wanka da shi, to ya yi wa yis.

Ga kofi biyu. Na hagu ruwan zafi na sa, na dama ruwan ɗumi, kowanne da yis da sukari. Bayan minti 10, ku duba: na dama ya yi kumfa har yana neman zuba, yana ƙamshin tsami-tsami, na hagu kuwa shiru. In kin gwada da ruwan ɗumi bai yi kumfa ba, sai a lokacin ki zargi mai shago. Kuma kada ki zuba gishiri kai tsaye a kansa, ki cuɗa shi cikin fulawa tukuna.

Murzawa minti 10, har ya daina kama hannu. Wannan ƙaramin hannun da ya shigo hoto na autana ne, ya ce shi ma mota zai gina. Ku bar yara su taɓa, a wanke musu hannu kawai.

Yanzu a shafa mai, a rufe. A watan Afrilu, lokacin da duwatsun garin nan ke tafasa, minti 40 ma ya isa. A hunturu zai iya cin awa 2, kuma iskar nan busasshiya tana sa samansa ya yi ɓawo, don haka ki rufe da tsumma mai laima, ki ajiye kusa da murhu ko cikin ɗakin da rana ke bugawa. Kada ki ƙara yis don gaggawa, wari kawai zai yi. Kada ki yi ta buɗewa.

Babu abin kallo a hoto yanzu, roba ce kawai a rufe, don haka bari in faɗa muku abin da ke raina. Ina da yara huɗu, ga aiki, ga jiran layin ruwa, kun san Zinder da ruwa. Na daɗe ina jin nauyi a zuciya cewa ba na samun lokacin addu'a kamar Maryamu ta cikin Linjila da ta zauna a gaban Ubangiji Yesu tana sauraro, kullum ni 'yar'uwarta Marta ce mai fama da hidima a madafa. Wata rana a zumuntar mata aka karanta Matiyu 13:33, inda Yesu ya kwatanta Mulkin Sama da yis ɗin da wata mace ta cuɗa a mudu uku na gari har duk ya game. Ayar layi biyu ce tak. Sai na ga ashe Ubangiji ya tsaya ya kalli mace tana kwaɓi, ya ga abin koyarwa a hannunta. Tun daga ranar, lokacin da kwaɓi ke rufe ya zama nawa da Allah. Ina wanke kwanuka ina ambaton sunayen yarana ɗaya bayan ɗaya, da maƙwabciyata da ke jinya. Wani lokaci kuka ya katse ni, in dawo in ci gaba daga inda na tsaya.

Mu buɗe. Kun ga ya ninka biyu? Danna da yatsa: in ramin ya dawo a hankali, ya yi. A fitar da iska, a yanka, a jera a gwangwani, a ba shi rabin awa ya sake tashi. Marar obin ta zuba yashi a ƙasan tukunya, gawayi a ƙasa, garwashi kaɗan a kan murfi, kamar rabin awa. Ƙwanƙwasa gindinsa, in ya yi ƙara kamar ganga ya gasu.

Wannan biyun na gida ne. Wannan kuma, Yaya, ɗauko faranti mai murfi ka kai gidan Hajiya, ita da ba ta taɓa mantawa da mu da naman layya ba. Ka ce ina gaishe ta, kuma a ci da zafinsa.