Shekara 34 a kan reshe

Assalamu alaikum. Shugaba, dattawa, iyayenmu mata, 'yan'uwa da 'ya'yanmu, ina gaishe ku. An ce tunda na yi ritaya in yi wa matasa magana kan sana'a. Na ce wa Shugaba, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a rataye da igiya me zai faɗa? Ya ce in faɗi hakan.

Guguwa ce ta jefa ni aikin kula da bishiyoyi. Daren 15 ga Oktoba 1987 iska ta kayar da bishiyoyi wajen miliyan 15 a nan Ingila. Gari ya waye hanyoyi a toshe, duk mai hannu biyu nemansa ake yi. Na shiga da niyyar wata uku, ban ajiye zarto ba sai 2021.

Shekara biyu ƙafata ba ta bar ƙasa ba. Jan rassa, riƙe igiya, wasa haƙoran zarto, tsayar da masu wucewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ina ganin an raina ni. Sai da na hau sannan na gane ran na sama a hannun na ƙasa yake. Shi ke hango wayar lantarkin da ganye ya ɓoye maka, shi ke ganin yaron da ya kutso da keke daidai inda reshe zai faɗo.

Babban reshe na farko da aka bar mini, daga sama na kafa masa zarto don in nuna na iya. Kafin in kai rabi nauyinsa ya rinjaye shi, ya karye, ya ɗaye ɓawon kututturen har ƙasa kamar an feɗe akuya. Maigidana bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "To, mayar da shi." Daga nan ya nuna mini yanka uku: ka fara tsagawa kaɗan ta ƙasa, ka datse ta sama can gaba don nauyin ya tafi, sannan ka cire guntun da ya rage ba tare da ka taɓa kumburin nan na wuyan reshe ba. Har yau in na bi ta titin ina ganin tabon, sai in kawar da kai.

Dalilin barin wuyan nan sai daga baya na karanta shi. Wani masanin daji Ba'amurke, Alex Shigo, ya yi shekaru yana tsaga bishiyoyi yana duba cikinsu, ya nuna cewa bishiya ba ta warkewa irin ta fatar mutum. Killace raunin take yi don kada ruɓa ta yaɗu, ta yi sabon itace a kansa. Saboda bincikensa aka daina shafa wa yanka fenti, abin da tsofaffin ma'aikata suka rantse da shi.

'Ya'yana, karatun nan shi ya cece ni. Ƙarar injin zarto ta haura desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, ga kunnena na hagu shaida, shi ya sa nake juyo muku da na dama. Girgizarsa kan sa yatsu su yi fari fat da sanyi. Ina shekara 50 gwiwa ta ce ta gaji. Abokaina da ƙarfi kaɗai suka dogara da shi, nan aikinsu ya tsaya. Ni kuwa da yake na daure na yi kwasa-kwasan dare na karɓi takardun shaida, sai na koma duba lafiyar bishiya. In ƙwanƙwasa kututture da guduma in ji ko cikinsa rami ne, in leƙa gindi ko naman gwari ya tsiro, in rubuta rahoto. Akwai bishiyoyin da doka ta kare, ba a taɓa ko reshensu sai da izinin ƙaramar hukuma, kuma sau da yawa na mayar wa mai gida kuɗinsa saboda ya matsa in gille wa bishiya kai don rana ta shigo masa taga. Wasu sun zage ni, wasu sun sake kirana bayan shekara.

Igiyoyina da hular kwano suna nan a gareji ba mai amfani da su. Duk yaron da ke sha'awa, namiji ko mace, ya same ni bayan an tashi. Amma ya sani da jan rassa zai fara. Na gode, Allah ya bar zumunci.